Wa Za Ki Bar wa Kyanwarki?

 

Yau maganarmu a kan tafiya ce, gama ba a raba mace da tafiya. Wannan Allah ya kira ta aikin Hajji, za ta yi wata guda ko fiye ba ta gida. Waccan za ta gidan iyayenta wankan jego, sai ta yi arba'in. Wata bikin ƙanwarta za ta Kano ko Katsina. Matar ma'aikaci kuwa, da an ba maigida hutu sai a kwashe yara a tafi ganin gida. 'Yan makaranta ma, da an rufe makaranta sai wajen kaka.

Shirin tafiya kam mun iya shi. Akuya a kai ta gidan ƙanen miji. Kaji a bar wa abokiyar zama tare da tiyar dawa. Zubin adashi a kai wa uwar adashi tun ranar ba ta zo ba. Mabuɗin ɗaki a damƙa wa tsohuwar gida. Kowane abu da sunan wanda aka bar wa. Amma akwai mai rai guda wadda ba safai ake tunawa da ita ba, sai mota ta wuce Ƙofar Doka sa'an nan a ji uwargida ta ce, "Af! Kyanwa fa?" Wani ya amsa, "Ai ba ta mutuwa, ta kama ɓera." Shi ke nan, an kashe maganar.

To, ni yau tayar da ita zan yi. Kyanwar da kika saba ba abinci amana ce a wuyanki. Amana kuwa mutum ɗaya ake kira da sunansa, a damƙa masa, ya buɗe baki ya ce ya karɓa.

Hakkinta a kanmu

Na san wata za ta ce, don kyanwa kawai Malama za ta cika mana shafi? To, bari mu duba aikin da take yi mana. Duk wadda ta taɓa ajiye buhun masara ko na gyaɗa a ɗaki ta san ɓarnar ɓera. Ya huda buhu, ya yi kashi a cikin gari, ya ci zanen da aka adana don Salla, ya ci littafin yaro. Gidajenmu na birni kuwa manne suke da juna, katanga ta ƙasa, rufi na azara, ɓera ba ya rasa hanya daga wannan gida zuwa wancan. Ba a kaya kaɗai ɓarnarsa ta tsaya ba. Zazzaɓin Lassa, wanda aka fara ganewa a 1969 a garin Lassa da ke Jihar Barno yanzu, wani irin ɓera ne ke ɗauke da shi, yana zuba shi a abinci ta fitsari da kashi, ya kuma fi yawa da rani. Rufe abinci da share gida su ne kan gaba wajen rigakafi, amma gidan da ke da kyanwa ɓera ba ya sakewa a cikinsa.

Zamanmu da ita ba yau aka fara ba. Masana sun ce tun sa'ad da ɗan Adam ya soma noma yana tara hatsi, ɓera ya biyo hatsi, kyanwar daji ta biyo ɓera, ta haka ta shigo gida. A 2004 masu tonon kayan tarihi suka ba da labarin wani kabari a tsibirin Kubrus mai shekara wajen 9,500, inda aka binne mutum, aka binne kyanwa kusa da shi. A Masar kuma an ruwaito cewa Sarki Baibars, wanda ya yi mulki daga 1260 zuwa 1277, ya yi waƙafin wani lambu a Alƙahira domin a riƙa ciyar da kyanwoyin da ba su da masu su.

Mu kuwa tun muna yara muke jin hadisin nan da Buhari da Muslim suka ruwaito, na matar da aka yi wa azaba saboda kyanwa. Ku lura, ba a ce dukanta ta yi ba. Tsare ta ta yi, babu ci babu hanyar nema, har ta mutu. Tsarewa da yunwa kuwa su ne abubuwa biyu da suka fi samun kyanwa in mai ita ta yi tafiya.

Hanyoyi uku da ake cutar ta

Ta farko ita ce kullewa. Uwargida tana tsoron kada kyanwarta ta ɓata, sai ta rufe ta a ɗaki da malmalar tuwo da kaskon ruwa, ta danna kwaɗo. Tuwon nan kwana 2 ya yi tsami. Ruwan kuwa, in ba ta ture shi ba, ya ƙafe. A watan Maris da Afrilu, ɗakin kwano in an rufe shi ruf ba shi da bambanci da tanderu. Sau da yawa ma ba da gangan ake kulle ta ba. Tana can ƙarƙashin gado tana barci, ana ta hayaniyar ɗaure kaya, ba wanda ya leƙa. A wata unguwa ta birnin nan an taɓa yin kwana 3 ana jin kukan kyanwa a wani ɗaki, mabuɗi kuwa yana ɗaure a bakin zanen mai ɗakin, ita tana Kaduna. Sai da aka ɓalle taga aka fito da ita, ko tsayuwa ba ta iya yi.

Ta biyu ita ce saki, watau a bar ta ta ci da kanta. Gaskiya ne kyanwa tana farauta, amma ɓera guda ba ya ƙosar da ita, sai ta kama da yawa kowace rana, wadda kuwa ta saba da kwano ba lalle ne ta iya ba. In yunwa ta matsa ta, ina za ta? Gidan maƙwabta. Ta buɗe tukunya ta ɗauki kifi, ta kama ɗan tsako, ta hau ɗakin tattabarun samari. Daga nan sai jifa, ko muciya, ko ruwan zafi, ko a sa mata guba. Ke kuma ki dawo ki tarar ba kyanwa, ga kuma rigima da maƙwabciya tana jiran ki. Kada kuma wani ya ruɗe ki da cewa in an ba kyanwa abinci za ta daina kama ɓera. Farauta halinta ne, da yunwa ko babu yunwa. Mai ƙoshi ma ita ce ke da ƙarfin tsalle.

Ta uku ita ta fi yawa a manyan gidajenmu. Mai tafiya ta tsaya a tsakar gida da mayafi a kafaɗa ta ce, "Ga kyanwata nan, ku riƙa duba ta." Mata 6 su amsa, "To, Allah ya kiyaye hanya." Ba wadda ta yi mugun nufi. Amma da safe wannan ta ɗauka waccan ta ba ta, da dare waccan ta ɗauka wannan ta ba ta. Hannu da yawa maganin ƙazamar miya ne, amma bai taɓa zama maganin yunwar kyanwa ba. Abin da aka bar wa kowa ba a bar wa kowa ba.

Zaɓen mai riƙo

Ba a fafe gora ranar tafiya. Tun saura mako guda ki zauna ki yi tunanin wa za ki bar wa. Ki nemi wadda ba ta ƙyamar kyanwa, wadda ba ita ma tafiya za ta yi ba, wadda kuma kyanwar ta riga ta san ta. Akwai masu tsoron kyanwa, akwai waɗanda gashinta kan tayar wa atishawa ko ciwon fuka, waɗannan kada ki ɗora musu. Sau da yawa tsohuwar gida ta fi dacewa, gama kullum tana nan, sai a haɗa ta da yarinya mai taya ta. In maƙwabciya ce wadda ba ta fita, ku tsayar da yaro ɗaya wanda za ta riƙa aika, maigidanki da nata kuma su sani, kada shiga gidan da ba kowa ya zama abin magana.

Zuwa da kai ya fi aike. Ki je da ƙafarki, ki gaishe ta, ki ce, "Gwaggo, alfarma na zo nema. In Allah ya kai mu Asabar zan tafi, sai bayan mako 5. Ina so in bar kyanwar nan a hannunku. Ga kwanonta, ga kifinta, ga kuma kuɗin ƙari in ya ƙare. Safe da yamma take ci. In kun ga da nauyi, don Allah ku gaya mini yanzu, ba zan ji komai ba." Wannan maganar ta ƙarshe kada ki bar ta. Mu mata mukan ce "to" don kunya, alhali zuciya ba ta karɓa ba. Gara a ƙi ki yau, kina da sauran kwanakin neman wata. Kuma tun da gida biyu maganin gobara ne, ki ambaci ta biyu a gaban ta farko, wadda za ta karɓa in rashin lafiya ko tafiyar gaggawa ta taso.

A Ingila akwai gidajen da sana'arsu ke nan, riƙon kyanwoyin matafiya a biya su, kuma tun 1963 doka ta ce sai da lasisi ake buɗe irinsu. Sukan nemi shaidar allurar rigakafi kafin su karɓi kyanwa, su rubuta abin da take ci, da wanda za a kira in ta yi ciwo. Mu Allah ya ba mu dangi da maƙwabta, ba sai mun biya ba. Amma rubutun nan ya kamata mu ara. Ki sami takarda guda ki rubuta lokacin cinta, da abin da ba a ba ta, da lambar wayarki, da ta wani ɗan'uwa da ke gari, da ranar dawowarki. In Gwaggo ba ta karatun boko, yarinyar da ke taya ta ta karanta mata.

A gidanta za ki bar ta

Kare mutum yake bi, kyanwa kuwa wuri ta fi riƙewa. Ta san kowane lungu na gidanki da ƙanshinsa, ta san katangar da take hawa da inuwar da take kwana. In kika ɗauke ta daga Kwarbai ko Limancin Kona kika kai ta Tudun Wada, abin da za ta fara nema shi ne hanyar komawa, tsakaninta da gida kuwa ga titi, ga motoci da babura, ga karnuka. Saboda haka in da hali, ki bar ta inda ta saba, mai riƙo ta riƙa zuwa. Ki rufe ɗakinki, amma ki bar mata madafa ko rumfa ko zaure, inda za ta shiga ta fita yadda ta so, ta sami inuwa da rani, mafaka da damina, da ɗan tsumman kwanciya da hunturu.

In kuwa gidan duka za a rufe, ba mai shiga, tilas a kai ta wani wuri. Ki ɗauke ta a kwando mai murfi ko kwali mai huji-huji, kada ki cusa ta a buhu. A can a ajiye ta a ɗaki guda mai iska har wajen mako 2 kafin a bar ta ta fita, don ta saba. Wannan ba irin kullewar da na hana ba ce, gama safe da yamma ana shiga wurinta da ci da sha. A sa mata faffaɗan kasko da yashi don bayan gida, a kuma shimfiɗa mata tsohon zanenki, ƙanshin da ta sani zai kwantar mata da hankali.

Ci da sha

Nan ne da yawanmu ke da ƙarancin sani. Kyanwa ba kamar kare ko kaza ba ce, maciyar nama ce tun halittarta. Akwai wani sinadari a tsoka da kifi, ana kiransa torin, wanda jikinta ba ya iya yin isasshensa. Masana a Amurka sun gano a 1975 cewa rashinsa yana kashe mata ido, a 1987 kuma suka gano yana raunana mata zuciya. Watau tuwo da ƙanzo zalla suna cika mata ciki ne kawai. Ba nama mai tsada nake nufi ba. Kan kifi, ɓaraguzan busasshen kifi daga kasuwar birni, dafaffen kayan cikin kaza, dafaffen ƙwai, a cuɗa da ɗan tuwo ko shinkafa, ya isa. A jiƙa busasshen kifi a cire manyan ƙayoyi. Wadda ke da hali tana iya sayen busasshen abincin kyanwa na kanti, yana daɗewa bai lalace ba, amma ki soma ba ta tun kina gida, don kyanwa ba ta son a sauya mata abinci farat ɗaya.

In tafiyar ta 'yan kwanaki ce, ki raba abincin ƙunshi-ƙunshi, kowace rana da nata, ki zuba a gwangwani mai murfi. In ta daɗewa ce kamar Hajji, ki bar na mako 2, ki bar kuɗin saura. Kada ki ɗora wa mai riƙo ciyarwa daga aljihunta. Ta ba ki lokacinta, ya isa.

Akwai abubuwan da ba a ba ta, ki faɗe su ɗaya-ɗaya. Albasa da tafarnuwa suna lalata mata jini, ɗanyu ko dafaffu, saboda haka miyar da aka cika su ba tata ba ce. Dafaffen ƙashin kaza yakan tsage ya soke ta a maƙogwaro ko a hanji. Madara kuwa, ko da yake tana son ta, manyan kyanwoyi da yawa zawo take sa su. Hanta tana da kyau, amma jefi-jefi, ba kullum ba.

Ruwa ya fi abinci gaggawa. Likitocin dabbobi suna ƙiyasta mata kamar mililita 50 a kan kowane kilo na nauyinta a yini, watau mai kilo 4 tana bukatar wajen cikin kofin shayi guda, da zafi kuma fiye. A ajiye mata kasko 2 masu nauyi a inuwa, a wurare dabam-dabam, in ɗaya ya kife ɗaya na nan. A riƙa wankewa ana sauya ruwan kullum, don kada sauro ya mai da shi gidan haihuwa.

Kafin ki danna kwaɗo

Ranar tafiya, kada ki rufe ko wane ɗaki sai kin ga kyanwarki a waje da idonki. Ki leƙa ƙarƙashin gado, da bayan randa, da cikin kabad, da akwatin da kika bari a buɗe kina zaɓen kaya.

Sa'an nan ga wata al'ada tamu mai haɗari. Da yawanmu in za su bar ɗaki sukan watsa shinkafar ɓera a lungu-lungu, su yayyafa fiya-fiya saboda kuɗin cizo da kyankyasai. In kyanwa ta ci gubar, ko ta ci ɓeran da ya ci, tana iya bin sa. Fiya-fiya kuwa ko takawa ta yi ta lashe ƙafa ya isa ya kayar da ita. Duk inda kika sa irin waɗannan, ki tabbata ba ta da hanyar shiga, ki kuma gaya wa mutanen gida, gama abin da ke kashe kyanwa yana kashe yaro mai rarrafe. Ki rufe bakin rijiya, ki rufe randa da duro. Kyanwa mai ƙishirwa takan leƙa, in ta faɗa kuma ba ta da abin kamawa.

Lafiyarta da ta mutanen gida

In ba a taɓa yi wa kyanwarki allurar rigakafin ciwon haukan kare ba, ki sa a kai ta kafin ki bar ta a hannun wani. Sunan ciwon na kare ne, amma kyanwa ma tana kamuwa, tana kuma sa wa mutum ta cizo ko yaƙushi, in ya riga ya bayyana a jiki kuwa ba a cika tashi ba. Daga wata 3 da haihuwa ana iya yi mata allurar. Mu mutanen Zariya ba mu da hujja, ga asibitin dabbobi na koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello a Samaru, kuma a ƙasar nan ma ana yin allurar, a cibiyar binciken cututtukan dabbobi ta Vom kusa da Jos, wadda aka kafa a 1924. In kyanwa ta ciji wani ko ta yaƙushe shi har jini ya fito, a wanke wurin da sabulu da ruwa mai yawa har minti 15, a tafi asibiti ranar nan, kada a tsaya shafa toka.

Ki duba ko tana da ciki. Cikin kyanwa kwana 63 zuwa 65 ne, wata 2 da 'yan kwanaki ke nan, saboda haka mai tafiya Hajji tana iya barin ɗaya ta dawo ta tarar da 5. In kin ga alama, ki gaya wa mai riƙo gaskiya, ki tanadi kwali da tsumma a lungu mai duhu, ki ƙara abinci. 'Ya'yan kuma ba a raba su da uwa sai sun yi mako 8. Wadda ba ta son yawan haihuwar ta tambayi likitan dabbobi, akwai aikin da ake yi wa mace, akwai fiɗiyar muzuru. Wannan ya fi a kwashi jarirai a zubar a juji.

Ki koya wa mai riƙo alamun da ba a jira da su. In ta yi kwana 2 ba ta ci ba, a nemi likita, gama kyanwar da ta daɗe ba ci hantarta kan lalace. Haka in tana ta amai ko zawo. Muzurun da ke ta tsugunawa yana kuka fitsari bai fito ba, wannan a ranar za a kai shi. Babban gargaɗina kuwa shi ne kada kowa ya ba ta maganin mutane don tausayi. Ƙwayar Panadol guda ɗaya tana iya kashe kyanwa.

Mai ciki kuma kada a ba ta aikin kwashe kashin kyanwa. Akwai wata ƙwayar cuta da kan fito a cikinsa wadda ke iya taɓa ɗan da ke ciki. Ƙwayar ba ta kama mutum sai kashin ya kwana 1 zuwa 5, saboda haka wanda zai kwashe ya kwashe kullum, da abin kwasa, ya wanke hannu da sabulu.

Gare ku 'yan makaranta

Na san da yawan kyanwoyin birnin nan naku ne, ku kuka roƙo su, ku kuka raɗa musu suna. To, ranar da za ki koma makarantar kwana ko ki tafi hutu, ke ma wannan magana ta hau kanki. Ki kira ƙanwarki a gaban Inna ki damƙa mata, kada ki ce "yaran gida".

In kuwa ke aka ba riƙo, ga aikin gida na ba ki. Ki tsaga layi a bayan littafinki, ki rubuta kwanakin, kowace rana gida 3, na safe, na yamma, da na ruwa. Duk wanda kika yi ki sa masa maki. An ce laifin babba rowa, laifin yaro ƙiwuya. Ranar da ƙiwuya ta zo, gidan da ba maki zai tona ki tun kyanwa ba ta yi kuka ba. Yarinyar da ta riƙe wannan mako 5 ba fashi, ta koyi abin da ba ya cikin jarrabawa, kuma gobe in aka ba ta riƙon aji, ko ɗakin magani, ko ɗan mutum, ba baƙon abu ba ne gare ta.

Tsakanin mai ba da amana da mai karɓa

Ke da kika karɓa, ki riƙe da gaskiya. In wani abu ya faru, ki faɗa da wuri, ga waya a hannun kowa. Ke kuma mai kyanwa, ki san cewa malaman fiƙihu sun ce mai riƙon ajiya ba ya ramuwa sai in ya yi sakaci. Muzuru yakan tafi yawonsa kwana da kwanaki ko kina gida. In an yi iyakar ƙoƙari Allah ya ƙaddara ta ɓata, kada ki ɓata zumuncin shekaru a kanta.

In kin dawo kin same ta lafiya, kada gajiyar hanya ta hana ki godiya. Tsarabar mai riƙo ki ware ta dabam, ko dabino ne, ko sabulu, ko ɗankwali, yarinyar da ta taya ta ma a ba ta tukuicinta. Ranar da tata tafiyar ta taso, ke za ki fara cewa, "Yaya, me za ki bar mini?" Kyanwar kuwa in kin ga tana ja da baya, ki ƙyale ta, ki zuba mata a kwanonta. Da kanta za ta zo tana goga miki kai a ƙafa.

Allah ya kai matafiyanmu lafiya, ya dawo mana da su lafiya, ya ba mu ikon riƙe amana, babba da ƙarama. Mako mai zuwa, in Allah ya yarda, za mu duba yadda ake adana hatsi da gari a ɗaki ba tare da an watsa guba ba. Wadda ke da tambaya ko ƙarin bayani ta rubuto, filin nan namu ne duka.